Na'urar bin sawu ga mai ciwon mantuwa: yadda za ka zaɓa, da yadda za ka sa ta yi aiki ranar da ya ɓace

Wanka kawai na shiga. Da na fito, ƙofar waje a buɗe, takalmin Umma babu a inda take ajiye shi, jakarta ma babu. Na leƙa hagu da dama, ko ƙeyarta ban hango ba. Muka bazu nema, ni da Yaya da maƙwabta biyu, har rana ta faɗi. Sai bayan awa huɗu wani yaro ya gan ta zaune a bakin kwalbati, bayan wani gini da ba a gama ba, wurin da muka wuce ta gabansa sau biyu muna ƙwala mata kira ba ta amsa ba. Da na durƙusa gabanta ta dube ni ta ce, "Ke, ina ƙannenki? Tun ɗazu nake jira a tashe ku." Makaranta ta tafi ɗauko mu. A lokacin shekarata 41.

Shekara biyu kafin nan likita ya gaya mana abin da muke kira gigin tsufa ciwo ne mai suna, ciwon mantuwa, nau'in da ake ce wa Alzheimer, sunan likitan Jamus da ya fara bayaninsa a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da ciwon mantuwa a duniya, kuma kusan miliyan 10 ke ƙaruwa duk shekara. Amma maganar fita ba ta shiga kunnenmu ba sai da ta same mu. Ƙungiyar Alzheimer ta Amurka ta ce cikin masu ciwon 10, mutum 6 za su kama hanya su ɓace aƙalla sau ɗaya, da yawansu kuma sai sun maimaita. A Japan, inda 'yan sanda ke ƙirga abin duk shekara, an kai musu rahoton ɓatan masu ciwon sama da 19,000 a 2023 kaɗai.

Bayan wannan rana sai da na sayi na'ura uku kafin na dace. Ina rubuta wannan ne don kai ka dace tun a ta farko.

Kalli mutumin kafin ka kalli na'ura

Ta farkon agogo ce, mai kyau, mai komai da komai. Umma kuwa tun da take ba ta taɓa ɗaura agogo ba. Kwana biyu da ɗaura mata na neme shi a hannunta babu, na same shi ƙarƙashin matashi, an naɗe shi tsaf cikin hankici. Ta ce, "Wani ne ya manta agogonsa, na adana masa." Da ta fita a ranar, taswirar da ke wayata za ta riƙa nuna mini tana kwance a ɗaki.

Saboda haka kafin ka kashe ko sisi, samu ɗan littafi ka yi mako guda kana rubutu. Wane lokaci hankalinsa ke tashi ya fara kai-kawo? Me yake cewa in ya nufi ƙofa? Me yake ɗauka wanda ba ya fita sai da shi? Me yake cirewa daga jikinsa da zarar an sa masa? In ya fita, dama yake yi ko hagu? Littafina ya nuna mini abin da nake gani kullum ban lura ba: Umma daga la'asar zuwa magariba take rikicewa, abin da likitoci suka sani sosai ga masu wannan ciwo, ba ta taka waje sai da baƙar jakarta, takalmi ɗaya take so cikin huɗu, kuma kullum dama take yi. Wannan shafi guda shi ya zaɓa mini na'ura, ba bayanin da ke jikin kwali ba.

Iri uku ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba

Na farko shi ne mai GPS da sim a ciki, irin tirakar da ake sa wa mota amma ƙarami, wani kamar agogo, wani kamar kwalin ashana, wani ma shimfiɗar cikin takalmi ce. Yana da kyau ka fahimci yadda yake aiki, domin nan ne za ka san inda zai ba ka kunya. Taurarin ɗan'adam na GPS suna kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,000, suna ta sako sigina. Na'urar saurare kawai take yi. In ta jiyo huɗu ko fiye, sai ta lissafa inda take. Daga nan sim ɗin da ke cikinta ya aiko da wurin zuwa manhajar da ke wayarka. Ke nan abu biyu take buƙata a lokaci guda: sararin sama a buɗe, da sabis na waya. A fili tana nuna wuri da kuskuren 'yan mitoci. A cikin gini, ko ƙarƙashin gada, ko tsakanin dogayen benaye, ɗigon da ke nuna wurin mutum a taswirar wayarka yakan yi tsalle ya nuna maka gidan maƙwabci ko layin baya. Inda babu sabis kuwa, ita ta san inda take amma ba ta da bakin gaya maka. Wadda ke sauraren wasu taurarin ban da na Amurka, wato Galileo na Turai, GLONASS na Rasha, da BeiDou na Sin, ta fi saurin gane wuri. Wadda ke haɗawa da Wi-Fi da turakun sabis don yin kirdado a cikin gini ita ma ta fi. Ga mafi yawan iyalai wannan irin shi ne ginshiƙi.

Na biyu su ne 'yan ƙananan maɓallan nan na Bluetooth da ake maƙala wa makulli, irin AirTag da Apple ya fitar a 2021, da SmartTag na Samsung, da Tile. Mutane da yawa su suke fara saya saboda sauƙin kuɗi da kuma batirinsu da ke kai wa kusan shekara. Sai dai babu GPS a cikinsu, babu sim. Jira suke wata waya irin tasu ta gitta kusa, ita ce za ta kai rahoto. Cikin cunkoson jama'a suna taɓukawa. A bayan gini irin wanda muka samu Umma, ko cikin ciyayi, ko da tsakar dare, shiru za ka ji. Ba za su sanar da kai ta fita daga gida ba, kuma AirTag yana fara ƙara da kansa in ya daɗe nesa da wayar mai shi, domin an yi shi ne yadda ba za a bi sawun mutum a ɓoye ba. Kamfanin ma da kansa ya ce na kaya ne. Ina amfani da guda, amma a matsayin na biyu. Ka kuma kula da batirinsa mai kama da kwabo: in mai ciwon yana kai abubuwa baki, haɗiye shi na iya ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi.

Na uku na rediyo ne. Wanda aka fi sani shi ne shirin Project Lifesaver da aka fara a garin Chesapeake na jihar Bajiniya a Amurka a 1999. Ana ɗaura wa mutum ɗan abin hannu ko na ƙafa mai fitar da sigina a kan mitarsa shi kaɗai. In ya ɓace, jami'an da aka horar su fito da eriya su bi ƙarar har inda yake, ko cikin daji ne ko cikin gini. Masu shirin sun ce a mafi yawan lokuta cikin kusan rabin awa ake samun mutum. Amma ba ka ganin komai a wayarka, kuma sai inda 'yan sanda ko masu ceto na yankin suka shiga tsarin yake da amfani. Tambayi hukumar yankinku ko akwai irinsa.

Za a ce, ai yana da waya, a kunna raba wuri a Google Maps mana. A farkon ciwo wannan na yi, kuma ya yi aiki na 'yan watanni. Daga baya wayar ta koma abin da ake mantawa a kan kujera, ko a kashe saboda ƙararta ta dame ta.

Akwai kuma abin da ba ya cin batir ko kaɗan, kar ka raina shi: rubutu. A birnin Iruma na Japan, a 2016, hukuma ta fara raba ɗan lambar da ake liƙawa a farce, wanda 'yan sanda ke haskawa da waya su gane mutum. Ni ƙyalle na ɗinka a cikin kowace rigarta da cikin jakar, da sunanta na farko, da "ina da ciwon mantuwa, don Allah a kira", da lamba biyu. Ban sa adireshin gida ba, kai ma kar ka sa.

Tambayoyin da za ka yi wa mai sayarwa

Kar ka tambaye shi kwana nawa batir ke yi. Tambaye shi kwana nawa yake yi in na'urar tana aiko da wuri duk minti ɗaya. Adadin da ke jikin kwali yawanci na na'urar da ke barci ne. Wannan tazara ta aiko da wuri ita ce zuciyar maganar. Tsohon da ke tafiyar kilomita 3 a awa, cikin minti 10 ya ci mita 500. In na'urarka duk minti 10 take magana, kullum inda ya bari za ka riƙa zuwa. Nemi wadda ke tafiya a hankali a ranakun lafiya don ta adana caji, amma tana da madannin da za ka taɓa a wayarka ta koma aikowa duk 'yan daƙiƙoƙi.

Tambayi ko sim ɗinta na 4G ne. Ƙasashe da dama sun rufe 2G ko 3G, wasu na kan hanya, kuma kasuwa cike take da tsofaffin na'urori masu arha waɗanda ranar da aka rufe za su zama kwalin banza. Duba alamar ruwa: IP67 na nufin tana jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30, wanda ya isa ga ruwan sama da wankin hannu. Tabbatar mutum uku ko huɗu za su iya gani a wayoyinsu lokaci guda. Tabbatar tana aiko da gargaɗi in caji ya yi ƙasa. In ta hannu ce, ta riƙa sanarwa in an cire ta. Ka kuma san kuɗin wata da za ka riƙa biya, domin shi ne ainihin kuɗin na'urar.

Madannin neman agaji da ake ta tallatawa bai amfane mu ba. Umma in ta fita ba ta san ta ɓace ba, ita dai tana kan hanyar makaranta, me zai sa ta nemi agaji? Danna shi take yi don hannunta na son abin taɓawa, wayata ta yi ta ruri. Na kashe shi. Ga wanda ciwonsa ke farko, yana gane ya rikice, madannin na da rana.

Abu biyu na tsaro. In mai ciwon yana da na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, duk abin da ke da maganaɗisu, maɗauri ne ko abin caji, a nisanta shi da ƙirjin aƙalla santimita 15, kuma kar a rataya masa a wuya sai an tambayi likitansa. Na biyu, ranar da ka kunna na'urar ka canza kalmar sirri. A 2019 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya gano na'urorin bin sawu masu arha kusan 600,000 da ke aiki da kalmar sirrin da suka fito da ita daga masana'anta, 123456. Duk wanda ya so zai iya ganin inda tsohuwarka take.

Sa ta a jiki, da kafa ta

Ka gaya masa. Wannan ra'ayina ne kuma ina kansa. Muddin yana iya gane magana, ko na ɗan lokaci ne da safe, a zauna a yi masa bayani a nemi yardarsa. Mutum ne babba, shi ya raine ka. Na zaɓi safiyar da take cikin hayyacinta na ce, "Umma, ga wani ɗan abu zan sa miki a jaka. In kin fita zan san inda zan same ki." Ta ɓata rai ta ce, "Ni yarinya ce?" Na ce, "A'a Umma, ni ce hankalina ba ya kwanciya." Ta yi shiru can, sannan ta miƙo jakar ta ce, "To in don ke ce, sa." Ta manta da hirar kafin azahar, amma ni ban manta ba, kuma duk ranar da ta lalubo abin ta tambaya, amsar nan nake ba ta.

Wasu na'urorin suna bari ka saurari abin da ke faruwa kusa da mutum ba tare da ya sani ba. Mun yi yarjejeniya da 'yan uwana ba mai taɓa wannan sai ranar da ta ɓace. Mun kuma yi gardama mai zafi da Yaya, wanda ya so a sa kwaɗo a ƙofa a huta. Na fahimce shi, shi ma bai yi barci ba daren nan. Amma kulle mai ciwon mantuwa shi kaɗai a gida, in gobara ta tashi fa? Kuma tafiya tana yi mata amfani, tana sa ta barci da dare. Amfanin na'urar a wurinmu shi ne ta ci gaba da taka ƙafarta.

Inda za ka sa ta, littafinka zai gaya maka. Na farke shafin cikin jakar ta sama, na ɗinka ɗan aljihu mai zif, don kar tarkace da makullai su danne ta su tare sigina. Amma jaka ana iya ajiye ta a bakin hanya a wuce, shi ya sa na maƙala ɗan Bluetooth ɗin a takalmin da take so, na kwashe sauran takalman daga bakin ƙofa. Ga wanda ya saba da agogo, agogo ya fi komai, musamman mai maɗaurin da hannu ɗaya ba ya iya kwancewa. Duba fatar wurin kullum, fatar tsoho ba ta da wuyar salewa.

Sai shinge. A manhajar za ka zana da'ira a kan taswira kewaye da gida, in ya tsallake ta wayarka ta yi ƙara. Na fara da mita 50, don a ganina ƙarami ya fi tsaro. Sai ga shi wayar tana tashina sau uku a dare, na ruga ɗakinta na tarar tana barci. Ɗigon ne ke yawo saboda rufin gida. Cikin mako guda na gaji na rage ƙarar, kuma wannan shi ne abu mafi hatsari da na yi a duk wannan tafiya, domin na zauna da na'urar da ba zan ji kiranta ba. Na mayar da da'irar mita 150, ƙararrawar ƙarya ta ɗauke. Na ƙara ta biyu mai mita 500, wadda in ta tsallake kowa a gidan zai ji a wayarsa. Ba wa saƙon sautinsa na daban, ka kuma saita waya ta bar shi ya shigo ko an sa ta shiru. Ka sani gargaɗin yakan makara da minti ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Don haka na sa ɗan abin da ke ƙara a jikin ƙofa in an buɗe ta. Da dare shi ke fara tashina.

Caji shi ne inda yawancin mutane ke faɗuwa. Ka ɗaura shi a kan mutum ɗaya da lokaci ɗaya. Kar ka ce da dare, domin da yawansu da dare suke fita. Ni da safe nake yi, lokacin wankanta da shan magani, sa'ad da ido na kanta, kuma ba na barin ɗakin sai na mayar da ita cikin jaka. In kana da hali ka sayi biyu, ɗaya na jiki ɗaya na caji.

Ga wani abu da na so a ce wani ya gaya mini. Wata rana na buɗe taswira na ga ɗigon Umma a gida, hankalina kwance. Sai idona ya kai kan ɗan ƙaramin rubutun da ke ƙasa: wurin na kwana uku da suka wuce ne. Kuɗin wata bai fita ba, an yanke layin, ba wanda ya sanar da mu. Kwana uku muna zaune da hoton da ya daskare. Tun daga ranar, duk safiya lokacin da ke ƙarƙashin ɗigon nake fara dubawa kafin ɗigon kansa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba wa wani matashi a gidan na'urar, ka ce ya tafi inda ya ga dama na rabin awa: ya shiga gini, ya tsaya ƙarƙashin gada, ya shiga mota, ya zauna cikin ciyayi. Ku kuma ku neme shi da waya kaɗai. A nan za ku gane minti nawa gargaɗi ke yi kafin ya iso, wuraren da sabis ke ɗaukewa, da wanda a cikinku bai iya karanta taswira ba. A gwajinmu na farko ƙanwata ta yi minti goma tana tafiya baya da ɗigon. Gara a gano haka ranar da ba kowa a cikin hatsari. Muna maimaitawa duk bayan wata uku.

A Birtaniya 'yan sanda suna da wata takarda da ake kira Herbert Protocol, sunan wani tsohon soja mai ciwon mantuwa da ya rasu yana neman gidan da ya tashi. Iyali ke cika ta tun kafin komai ya faru: hoto, magungunan da yake sha, gidajen da ya taɓa zama, inda ya yi aiki, inda aka taɓa samunsa. Ko ƙasarku babu irinta, rubuta taka a shafi guda ka ajiye a waya da bayan ƙofa. Ni har hoto nake ɗaukarta duk safiya bayan ta shirya, domin tambayar farko da kowa ke yi ita ce wane kaya ne a jikinta, kuma cikin ruɗu ba za ka tuna ba. Ka gaya wa maƙwabta da masu gadi da duk wanda ke zama a bakin hanyar da yake bi. Mun daɗe muna ɓoye ciwon Umma saboda kunya, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

In ya fita

Minti biyu ka duba cikin gida: banɗaki, bayan gida, cikin mota. Buɗe manhaja, duba lokacin ɗigon, kunna bibiya ta kai tsaye. Mutum ɗaya ya tsaya a gida ko zai dawo, ɗaya ya zauna da taswira yana ba da kwatance ta waya, wanda ya fi kusa ya tafi. Mai tuƙi kar ya riƙa kallon taswira. In ɗigon yana gudu fiye da tafiyar ƙafa, ya shiga abin hawa ne, a kira 'yan sanda nan take.

In ba ku same shi cikin minti 15 ba, ko na'urar ta yi shiru, a kira lambar gaggawa a faɗa a fili cewa mai ciwon mantuwa ne. Kar ka yarda da shawarar a jira kwana ɗaya. Robert Koester, masanin aikin ceto a Amurka, ya bi bayanan masu ciwon da suka ɓace a Bajiniya ya ga waɗanda aka samu cikin awa 24 an same su da rai, waɗanda suka wuce haka kuwa kusan rabinsu gawarsu aka tarar. Ya kuma ga mafi yawansu ba sa wuce mil ɗaya, wato kilomita 1.6, daga inda aka gan su na ƙarshe. Miƙewa suke yi sai wani abu ya tare su, rami ko ƙaya ko rafi, su tsaya a nan, kuma ba sa amsa kira. Da na karanta wannan sai na tuna kwalbatin. Saboda haka in ka isa inda ɗigon ya nuna ba ka ga kowa ba, kar ka juya. Leƙa ramuka, bayan katanga, cikin ciyayi, bakin ruwa, da ido, kewayen mita hamsin.

Ga masu yaro mai galahanga, wato otizim, duk abin da na faɗa ya shafe ku, da ƙarin abu ɗaya: ruwa za ku fara dubawa. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin yara ta Amurka a 2012 ya nuna kusan rabin yaran nan suna sulalewa daga inda aka ajiye su bayan sun kai shekara 4. Nutsewa a ruwa kuma ita ce ta fi kashe waɗanda suka ɓace. Har doka aka yi a Amurka a 2018 da sunan yara biyu, Kevin da Avonte, da aka tsinci gawarsu a kogi, don a tallafa wa horar da jami'ai da samar da irin waɗannan na'urori. Da yawan yaran ba sa jure abu a wuyan hannu. Akwai na'urorin da ake maƙalawa a tufafi da fil mai makulli.

Karo na biyu da Umma ta fita, ƙarfe 4:52 na yamma wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ta riƙe taswira, ni na bi. Minti 11 na cim mata, tana tafiya da saurinta, jaka a hammata. Ban zo mata ta baya ba, ban kama hannunta ba, don hakan na firgita su. Na zagaya ta gabanta inda za ta gan ni, na ce, "Umma, an tashe mu, ga ni." Fuskarta ta saki. Muka ɗan ci gaba a hanyar da ta nufa, sannan a kwana ta gaba na karkata da mu gida. Kar ka yi faɗa, kar ka ce ina za ki, kar ka tuna mata 'ya'yanta sun girma. A gida a ba shi ruwa, a duba tafin ƙafa da gwiwa da kai. In fitar ta zo da rikicewar da ta fi ta kullum, a kai shi asibiti, domin ciwon fitsari, ko zafin wani wuri da ya kasa faɗa, ko sabon magani, duk suna tayar da su.

Ciwon yana tafiya, ɗabi'u suna canzawa da shi. Watan jiya na lura Umma ta nufi ƙofa sau biyu ba ta waiwayi jakar ba, jakar da ta yi shekaru ba ta rabuwa da ita. Na cire na'urar daga ciki, na ɗinka ɗan aljihu mai zif a gefen riguna shida da ta fi sawa, daidai ƙugu ta baya inda hannunta ba ya yawan kaiwa kuma ba ya takura ta in ta zauna. Na sake gwajin nema da ɗan Yaya ranar Asabar don na ga ko jiki na tare sigina a wurin. Ɗigon ya ɗan fi yawo, amma bai wuce mita ashirin ba. Littafin kuma na sake fito da shi, na buɗe sabon shafi na rubuta kwanan wata.